Yabo, Makoki da Magani: Tarihin Waƙar Alhini a Ƙasar Hausa Daga Ƙarni na 17 Zuwa na 19

Gabatarwa

Masu nazarin tarihin ƙasar Hausa sun daɗe suna dogara da jerin sunayen sarakuna da wasiƙun fada da rahotannin Turawan mulki. Akwai kuwa wata taska da ba a cika waiwayarta ba, watau waƙoƙin da malamai suka rubuta don yabon wani, ko don makokin wanda ya rasu, ko don kokawa da ciwon jiki da na zuciya. Galibi akan ɗauke su a kan sha'anin ibada kurum, ko kuwa kukan wanda aka yi wa rashi. Abin da wannan lacca take nufin nunawa shi ne, marsiyya, watau waƙar makoki, tana yin aiki biyu a hannun malaman ƙasar Hausa: tana yi wa mai baƙin ciki magani, tana kuma kafa mudun da za a auna masu rai da shi, tun ba ma masu riƙe da al'amuran jama'a ba. Za a bi sawun wannan al'ada tun daga Katsina ta ƙarni na 17, a leƙa Ingila ta wannan zamanin don kwatance, a zarce Sakkwato ta ƙarni na 19, sa'an nan a dubi yadda abin ya shafi garuruwa irin su Birnin Kudu da Gwaram da Sundimina.

Katsina da tushen waƙar yabo

A ƙarni na 17 birnin Katsina ya zama matattarar malamai da fatake, kuma a cikinsa ne aka sami malamai biyu waɗanda har yau ake ambatonsu cikin waliyyan garin. Na farko shi ne Muhammadu ibn al-Sabbag, wanda aka fi sani da Ɗan Marina. Na biyu shi ne Muhammadu Ɗan Masani, wanda ya rasu a shekarar 1667. Da Larabci suka yi rubutunsu, domin shi ne harshen ilmi a wancan lokaci.

Ɗan Marina ya yi waƙar yabo ga Mai Ali na Barno a kan nasarar da ya samu bisa Kwararrafa, ya kuma yi wata a 1659 ga Sarkin Katsina Karyagiwa, yana yabonsa a kan tsayar da hukuncin shari'a. Abin lura a nan shi ne, a kowace ɗaya daga cikinsu akwai wani aiki takamaimai da aka rataya yabon a kansa. Malamin yana gaya wa sarki cewa ga abin da ya yi wanda ya cancanci a yabe shi, kuma duk wanda ya ji wannan ya san cewa rashin yin haka zai jawo akasin yabo. Nan ne yabon malami ya rabu da kirarin maroƙi, wanda yakan tsaya a kan asali da kyauta da jaruntaka.

Shi kuwa Ɗan Masani, sharhi ya rubuta a kan Ishiriniya, watau waƙoƙin yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, waɗanda Alfazazi mutumin Andalus ya tsara. Alfazazi ya rasu a 1230. Sharhin Ɗan Masani shaida ce cewa tun fiye da shekara ɗari uku da hamsin da suka wuce ana karanta Ishiriniya a ƙasar Hausa, ana kuma bukatar wanda zai warware ma'anoninta. Ita da Burda ta Albusiri mutumin Masar su ne suka koya wa malaman ƙasar nan salon madahu. Game da Burda kuwa akwai riwaya sananniya, cewa Albusiri ya yi ta ne yana fama da shanyewar ɓarin jiki, ya yi mafarki da Annabi ya lulluɓe shi da mayafinsa, ya farka ya ga ya warke. Saboda wannan riwaya ne jama'a suka riƙi karatun Burda a kan neman waraka. Ashe ke nan tun daga tushe yabo da lafiya a haɗe suka iso ƙasar Hausa.

Baƙin ciki a ilmin tibbi

Kafin a fahimci yadda waƙa za ta zama magani, sai an san yadda masanan da suke kallon jikin ɗan Adam. Ilmin tibbin da ya iso Katsina da Kano da Barno ta hanyar littattafan Larabci ya samo asali ne daga likitocin Yunanawa, musamman Bukrata da Jalinusa, ya biyo ta hannun masana Musulmi irin su Arrazi da Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037. A bisa wannan ilmi, ruwa huɗu ne ke tafiyar da jiki: jini, da majina, da safra'u, watau ruwan maɗaciya mai launin rawaya, da sauda'u, watau baƙin ruwa wanda suka ce a saifa yake taruwa. Lafiya ita ce daidaituwar waɗannan huɗu, cuta kuwa rinjayen ɗaya a kan sauran. Idan sauda'u ta yi rinjaye sai mutum ya shiga zulumi da tsoro da ƙin jama'a ba tare da wani dalili na zahiri ba. Larabawa suka kira wannan ciwo malikuliya, kalmar da suka aro daga Yunananci, ma'anarta kuwa baƙar maɗaciya. Ba abin da ya fi kusa da wannan a bakin Bahaushe kamar kalmar baƙin ciki, wadda ita ma ta haɗa baƙi da abin da ke cikin mutum.

Cikin magungunan da waɗannan likitoci suka ambata wa mai wannan ciwo, ban da gyaran abinci da wanke ciki, akwai zama da abokan kirki da sauraren murya mai daɗi da shagaltar da zuciya da wani aiki. Ilmin likitanci na zamani ya ture batun ruwa huɗu tun tuni, amma sau da yawa wanda aka yi wa rashi yakan sami sauƙi idan ya furta abin da ke ransa a cikin jama'a. Malaman da suka yi marsiyya sun san wannan ta hanyar karatu da kuma ta hanyar ɗanɗanawa.

Kwatance da Ingila

Dalilin leƙa Ingila shi ne, a zamanin da Ɗan Marina da Ɗan Masani suke rubutu, mawaƙan can ma daga wannan rijiya ta Jalinusa da Ibn Sina suke sha. A 1621 wani malamin Jami'ar Okasfod mai suna Robert Burton ya wallafa wani katafaren littafi a kan malikuliya, dalilanta da alamunta da magungunanta, ya kuma bayyana cewa ya duƙufa a kan rubutun ne don ya kuɓuta daga ciwon shi kansa. Mutuwa kuwa ba ta yi musu nisa ba, gama annoba ta yi ɓarna mai yawa a birnin Landan a 1603 da 1625 da 1665. A ta 1603 ne mawaƙi Ben Jonson ya rasa ɗansa mai shekara bakwai, ya yi masa gajeruwar marsiyya. Da Yarima Henry, magajin gadon sarauta, ya rasu a 1612 yana da shekara goma sha takwas, mawaƙan ƙasar sun yi ta rige-rigen yi masa waƙoƙin makoki.

Misalai biyu daga can sun isa su haskaka al'amarin. John Donne ya yi dogayen waƙoƙi biyu, a 1611 da 1612, don tunawa da Elizabeth Drury, yarinyar da ta rasu tana da shekara goma sha huɗu. Bai taɓa ganinta ba, mahaifinta dai attajiri ne wanda ya zama ubangidansa. Ya kambama ta har ya nuna kamar mutuwarta ce ta lalata duniya, abin da ya sa Ben Jonson ya soki waƙar da cewa ta wuce gona da iri har ta kai ga saɓo. Wannan shi ne haɗarin yabon da ke da ubangida a bayansa. Misali na biyu shi ne waƙar John Milton mai suna Lycidas, wadda ya yi a 1637 don makokin Edward King, abokin karatunsa a Jami'ar Kambirij, wanda ya nutse a teku. King yana shirin zama limamin coci ne. Ana tsakar makoki sai Milton ya juya kan limaman zamaninsa, ya zarge su da cika cikinsu da barin garken da aka ba su kiwo cikin yunwa. Mamacin ya zama mudun da aka auna masu rai da shi aka ga sun gaza.

Akwai bambanci guda wanda ya kamata a riƙe. Bayan sauyin addinin da aka yi a Ingila a ƙarni na 16, cocin ƙasar ya cire addu'a ga mamaci daga littafin ibadarsa na 1552. Saboda haka mawaƙin can ba shi da abin da zai yi wa mamaci sai ya yabe shi, ya lallashi kansa. Malamin ƙasar Hausa kuwa da yabon Allah da salati yake buɗe waƙarsa, da addu'ar gafara ga mamaci yake rufe ta, sau da yawa har da ramzin shekarar da aka yi ta. Yana ganin waƙar tana da amfani ga wanda ke cikin kabari, ba ga masu rai kaɗai ba. Har ila yau shari'a ta yi wa makoki iyaka: an yarda da zubar hawaye, an hana kururuwa da yage tufa, an ƙayyade kwana uku ga dangi, wata huɗu da kwana goma ga matar da ke takaba. Marsiyya ta zama hanyar da aka yarda da ita ta fitar da alhini ba tare da an ƙetare wannan iyaka ba.

Abdullahi ɗan Fodiyo da ɓacin ran mai nasara

Jihadin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya jagoranta daga 1804 ya haifar da waƙoƙi masu ɗimbin yawa da Larabci da Fulatanci da Hausa. Shi kansa Shehu, tun yana da kimanin shekara ashirin ya yi waƙarsa ta Larabci da ake kira Daliyya, ta begen Annabi da kewar Madina. Amma wanda ya fi bayyana ɓacin zuciya a waƙa shi ne ƙanensa Abdullahi, wanda ya tara waƙoƙinsa tare da bayanin dalilan yin su a littafin Tazyinul Waraƙat a 1813.

Bayan nasarar Tabkin Kwatto a watan Yuni na 1804, jama'ar Shehu ta sha kashi a Tsuntsuwa a ƙarshen wannan shekara, inda aka ruwaito cewa kimanin mutum dubu biyu suka kwanta dama, ɗari biyu daga cikinsu mahaddata Alƙur'ani. A 1805 aka sake yin babbar hasara a Alwasa. Waɗanda suka mutu a waɗannan wurare su ne ɗaliban farko, waɗanda suka yi shekaru suna karatu a gaban Shehu. Waɗanda suka cike gurbinsu kuwa da yawansu ganima ce ta kawo su. Wajen 1807 abin ya ishi Abdullahi, ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka da Madina. Waƙar da ya yi a kan wannan tafiya da makokin abokansa ta fara, sa'an nan ta koma kan waɗanda aka bar shi a cikinsu. Ya siffanta su da son muƙami da tara ƙwaraƙwarai da tufafin ƙawa da dawakin da ake sukuwa da su a gari maimakon fagen fama, da karɓar toshiya, da barin masallatai da makarantu.

Mai karatu zai ga cewa ginin wannan waƙa daidai yake da na waƙar Milton, alhali babu wanda ya san da ɗan'uwansa a cikinsu, kuma shekara ɗari da saba'in ke tsakaninsu. Abdullahi bai isa Makka ba. A Kano ya yada zango, mutanen garin suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu yadda ake mulki bisa shari'a, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam, ya karantar da tafsiri, daga baya ya koma wurin Shehu. Baƙin cikin da ya fitar da shi daga rundunar shi ne ya haifar da littafin da sarakuna da alƙalan ƙasar Kano suka daɗe suna komawa gare shi.

Muhammadu Bello da Nana Asma'u

A gidan Shehu ilmin tibbi da waƙar makoki a zaure ɗaya suka zauna. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta littattafai a kan ciwon ido da basir da amfanin filasko wajen wanke ciki, da kuma maganin da aka ruwaito daga Annabi. Da Baturen nan Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da a aiko masa da likita. Ƙanwarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ita ma ta rubuta Tabshirul Ikhwan a 1839, a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani.

Asma'u ta yi tsawon rai, ta binne kusan dukan waɗanda suka yi hijira tare da mahaifinta, ta kuma yi wa da yawansu marsiyya: baffanta Abdullahi, da yayanta Bello, da mijinta Waziri Giɗaɗo, da aminiyarta A'ishatu. A waƙoƙin da ta yi wa A'ishatu ta bayyana kaɗaici da zafin rabuwa ba tare da ɓoye-ɓoye ba, ta kafa hujja da cewa Annabi bai hana hawaye ba. A nan waƙar magani ce ga mai yin ta.

A waƙar da ta yi a kan halayen Bello bayan rasuwarsa kuwa, aikin na biyu ne ya fi fitowa. Ba ta tsaya kan yawan dawaki ko ganima ba. Ta lissafta iliminsa da cika alkawarinsa da rashin gaggawarsa wajen hukunci da gina garuruwa da kula da talakawa. Ta kawo labarin wani basarake da ya aiko wa Bello da babbar kyauta, Bello ya mayar masa da ita domin ya gane akwai wata manufa a bayanta. Waƙar kuwa an yi ta ne a daidai lokacin da sababbin shugabanni suke hawa, waɗanda da yawansu ba su ga wahalar hijira ba. Duk wanda ya saurare ta a fada ya san cewa da shi ake.

Daɗin daɗawa, Asma'u ba ta keɓe marsiyya ga manya ba. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima waƙar alhini da Hausa, tana yaba kirkinta da kyakkyawan zamanta da mutane. Ta yi wa Zaharatu, wadda take taimakon mata wajen haihuwa da wankan gawa. Ta wannan hanya mudun ya sauko daga fada zuwa tsakar gida. Ta hannun jajis, watau matan da ta horar suke jagorantar 'yan taru, irin waɗannan waƙoƙi suka isa ƙauyuka a bakin mata.

Kudancin ƙasar Kano

Birnin Kudu da Gwaram, da garuruwan da ke ƙarƙashinsu irin su Sundimina, a cikin ƙasar Kano suke a ƙarni na 19, kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, inda yanzu suke ƙarƙashin masarautar Dutse. Saboda haka tsarin shari'a da na mulkin da Abdullahi ya rubuta wa Kanawa ya shafe su kai tsaye. Kuma da yake suna bakin iyaka ne ta kudu maso gabas, sun ɗanɗana hare-haren Ningawa a rabin ƙarshe na wannan ƙarni, musamman zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Ƙarofi, wanda ya yi mulki daga 1855. Mutanen da suka ga an ƙone rumbu an kwashi 'ya'ya ba su bukatar a fassara musu ma'anar alhini.

Hanyoyin da waƙoƙin malamai suka bi suka shiga irin waɗannan garuruwa sanannu ne a duk ƙasar Hausa. Akwai makarantun zaure, inda ake karanta Ishiriniya da Burda, tun ba a watan Mauludi ba. Akwai almajirai masu tafiya ci-rani, waɗanda suke kwafar waƙoƙi da ajami su dawo da su gida cikin gafaka. Akwai makafi masu bara, waɗanda suke rera waƙoƙin wa'azi da na bege a kasuwa da ƙofar gida. A ƙarni na 20 waƙar Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya ta shiga bakinsu, sunanta ma kuwa yana nufin yayewar baƙin ciki. Akwai kuma zaman makoki kansa, da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, inda ake ambaton alherin mamaci a gaban 'ya'yansa da maƙwabtansa. Wanda ya taɓa zama a irin wannan wuri ya san cewa abin da aka ambata da abin da aka yi shiru a kansa duka hukunci ne. Wannan ɗabi'a ce ta sake bayyana a faɗin Arewa bayan kisan Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa a Janairun 1966, da na Janar Murtala Muhammed a Fabrairun 1976, lokacin da marubuta waƙoƙi suka yi ta makokinsu, suna yabon riƙon amanarsu a kunnen waɗanda suka gaje su.

Kammalawa

Darasi biyu ke cikin wannan tarihi. Na farko na ɗalibai ne. Marsiyya madogara ce ta tarihi, amma sai an karanta ta da lura. A tambayi wanda ya yi ta, da abin da ke tsakaninsa da mamacin, da ko akwai ubangidan da yake jiran ladan yabo daga gare shi. A duba ko siffofi ne kurum aka jera ko kuwa an ambaci ayyukan da za a iya bincikawa. Waƙar Donne ga yarinyar da bai sani ba tana ba da labarin Donne ne, waƙar Asma'u ga Bello kuwa tana ba da labarin abin da jama'ar Sakkwato suke bukata daga shugaba. Waƙoƙin Asma'u sun tsira ne domin zuriyarta ta adana su, har suka zo hannun Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, shekarar da Jean Boyd da Beverly Mack suka buga su a haɗe. Takardun ajami da ke cikin gidajen malamai da limamai a kudancin Jigawa suna bukatar irin wannan kulawa kafin gara da ɗigon damina su gama da su. Gidan Arewa da ke Kaduna, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, duk wurare ne da ɗalibi zai iya kai kwafin abin da ya samo, bayan ya nemi iznin masu shi.

Na biyu na ma'aikata ne. Hakimi da alƙali da sakataren ƙaramar hukuma da malamin asibiti, kowannensu yana jin yabo iri-iri muddin yana kan kujera, kuma mafi yawan wannan yabo na masu bukata ne. Abin da Abdullahi da Asma'u suka bari a rubuce yana nuna cewa akwai wani yabon da ake yi bayan an share makoki, ranar da mutum ba shi da abin bayarwa, kuma abubuwan da ake ƙirgawa a ranar ba su sake ba tun daga 1837 zuwa yau: ko ya cika alkawari, ko ya saurari mai ƙara, ko ya mayar da kyautar da bai kamata ya karɓa ba. Allah ya jiƙan magabata, ya sa na baya su yi koyi da alherinsu.